Ƙarfen Ƙafar Hagu

Litinin, 9 ga Oktoba

Mako na biyu a lise, makarantar sakandare ta Buza. Ban buɗe baki a aji ba tukuna, sai in ana kiran suna. "Hindatu Isufu." Nakan ɗan yi jinkiri kafin in amsa, don a gida ba mai kirana haka. Sunan takarda ne.

Gidan Hajiya Salima da Baba ya ajiye ni ba laifi. Ina shara, ina ɗebo ruwa, ina karatu. Na sayi safa baƙaƙe masu kauri a kasuwa. Da zafin nan. Ba kome.

Laraba, 18 ga Oktoba

Mushe Idris, malaminmu na Faransanci, ya rubuta a allo: Qui suis-je? Ni wace ce. Kowa ya yi shafi biyu, a miƙa kafin hutun Disamba. Ya ce mutum kamar albasa yake, ɓawo bisa ɓawo: suna, dangi, gari, addini, abin da kake so. Aji ya yi dariya, wani daga baya ya ce to mu ƴan Adar, masu noman albasa, ai mun ci jarrabawar.

Ni ban yi dariya ba. Na rubuta "Sunana" na tsaya.

A nan dai zan iya rubutawa. Sunana Ajuji. Inna ta binne ƴaƴa huɗu kafin ni. Da aka haife ni, Kaka, mahaifiyar Baba, ta sa ni cikin fasasshiyar ƙwarya ta kai ni juji bayan gida, ta juya tana faɗa da ƙarfi, "Shara ce, ba mu so." Don mutuwa ta ji, ta raina ni, ta wuce. Matar maƙerin garinmu ta tsince ni ta maido, mijinta ya ɗaura mini ƙarfe a ƙafar hagu. Duk lokacin da ya matse ni, Kaka ke kai ni a sake. Ba a cirewa sai ranar da na haifi nawa.

A ƙauyenmu, bayan Allakaye, ba wanda ya taɓa kallon ƙafata sau biyu.

Alhamis, 26 ga Oktoba

Darasin gudu. Safar ta zame.

Amira kaɗai ta gani, ina ji. Ita ce ke zama kusa da ni, ƴar mai shagon magani. Sai da muka je famfo ta yi magana. "Munduwa ce? Ta tsofaffi ce ko? Tana da kyau." Ta ba ni rabin ƙosanta.

Na faɗa mata. Duka. Har ƙwaryar. Ban taɓa yin magana mai tsawo haka da kowa ba a garin nan. Ta riƙe hannuna ta ce, "Wayyo, Allah sarki." Na dawo gida ina jin jikina sakayau.

Juma'a, 27 ga Oktoba

Ina da ƙawa.

Alhamis, 2 ga Nuwamba

Na shiga aji na tarar da shara ƙarƙashin teburina. Ɓawon gyaɗa, leda, guntun alli, takardun da aka fyace hanci. An tara ta da kyau. Shamsiyya ce ke da sharar aji yau. Ita ce babba cikin ƴan mata, kowa bayanta yake. Ta jingina da tsintsiya ta ce, "Yi haƙuri, ƴar'uwa. Mushe ya ce a kai ta juji, to mun kawo."

Dariya har da buga tebur. Amira tana duba cikin jakarta, ta daɗe tana dubawa.

Na kwashe da hannuna. Ban san me ya sa na ce "na gode" ba. Bakina ne ya faɗa.

Litinin, 6 ga Nuwamba

Juji. Juji, ara mini bik in yi rubutu. Juji, matsa, ƙuda na bin ki. Har samarin da ba su san abin da ya faru ba sun ɗauka.

Amira ta ce ita mutum ɗaya ta gaya wa, kuma don tausayi. Ta koma teburin gaba, wai ba ta ganin allo.

Laraba, 8 ga Nuwamba

A masallacin lakwal, makarantarmu, ina alwala, sai na cire safa dole. Shamsiyya ta tsaya kaina. "Ke, da wannan abin kike salla? Ai aznanci ne. Kakarku har yanzu tana yanka wa dutse kaza, ko?" Ta matsar da dardumarta.

Kaka tana salla. Ta fi ni tashi da asuba. Gaskiya ne iyayenta azna ne, kuma akwai abubuwan da ba ta bari ba. Baba yana sahun gaba a masallaci, bai taɓa cewa a cire ba. Sau ɗaya na ji liman ya yi masa magana, ya ce, "Malam, kai ba ka haƙa ƙananan kaburbura huɗu ba."

Amma idan Shamsiyya tana da gaskiya fa? Na san ƙarfe ba ya rayawa. Na sani sarai. Allah ne. To me yake yi a ƙafata?

Talata, 14 ga Nuwamba

Yau ce ta fi.

Labari ya kai wa Mushe Idris. Na zaci zai hana su. Ya shigo da fara'a, ya ce ya ji akwai dukiya a ajin nan ba mu sani ba. "Hindatu, taso." Na taso. Ya sa kujera gaban allo, ya ce in ɗora ƙafa, in sauke safar. Ya ce wannan shi ne abin da yake nufi da asali, gadon kakanni, a birnin Yamai sai an biya a gan shi cikin gilashi. Ya nuna da rula. Ya ɗan ƙwanƙwasa shi, ya yi ƙara.

Da kyakkyawar niyya ya yi, na sani. Shi ya sa ban san wa zan ji haushi ba.

Shamsiyya ta ɗaga hannu cikin ladabi. "Mushe, wace rana ake zuwa kwashe ta?"

Shi ma sai da ya danne dariya. Na gani. Ya ce "Silans," wai a yi shiru, amma na gani.

Na ja safar, na koma wurina.

Asabar, 18 ga Nuwamba

Na je maƙera, can ƙarshen kasuwa. Maƙerin, Ɗanasabe, tsoho ne. Da ya ga ƙafar sai ya ajiye masaba.

"Ɗiyata, wa ya ɗaura miki?"

Na faɗi garinmu.

"Na san hannun. Kin haihu ne?"

Na ce a'a.

"To ba ni taɓa shi. Tsohuwar da ta kai ki juji ita ka da magana. Je ki zo da ita."

Na ce ta rasu.

Haka kawai ya fito, ko muryata ba ta yi rawa ba. Ya ce Allah ya jiƙan ta, ya sa ta huta. Ya shafa. Na shafa tare da shi. Sannan ya sa na ɗora ƙafa bisa uwar maƙera, ya cusa tsumma tsakanin ƙarfen da fata, ya buga. Bai daɗe ba. Ya miƙo mini, na ce ya riƙe. Ya jefa shi cikin tarkace.

A hanya ina tafiya kamar ƙafar ba tawa ba ce. Tana tashi sama fiye da ƴar'uwarta.

Kaka tana can da ranta. Wataƙila a lokacin tana ɓarar gyaɗa bakin ɗaki.

Litinin, 20 ga Nuwamba

Na je ba safa. Lokacin shan iska na tsaya inda Shamsiyya za ta gani. Ta gani. Ta kira sauran. Fatar wurin ta yi fari, zobe sosai kewaye da ƙafa, kamar inda aka ɗauke tukunya.

"Kai, ku zo ku ga! An kwashe sharar, wurin ya nuna!"

Amira ta ce a hankali, "Ai da kin bar shi, yana da kyau."

Talata, 21 ga Nuwamba

Juji dai.

Juma'a, 8 ga Disamba

Na miƙa aikin Mushe. Na rubuta sunana Hindatu, ni Bahaushiya ce, Musulma, ƴar Nijar, ina son karatu da tsabta, ina so in zama unguwarzoma. Ba ƙarya ko ɗaya ciki. Na duba kuskure sau uku.

Lahadi, 24 ga Disamba

Gida. Jiya na iso a motar kasuwa, na sauka Allakaye na ƙarasa da ƙafa.

Idon Kaka ya yi rauni tun bara, inuwa kawai take gani. Kullum in na dawo daga wani wuri nakan durƙusa gabanta, ta lalubo ƙafata, ta girgiza ƙarfen ta ce, "Wagga shara har yanzu iska bai kwashe ta ba?" Sannan ta ciro abin da ta ɓoye mini a ƙullin zane.

Na sa safar. Ban san me na zaci safa za ta yi ba.

Ta lalubo. Ta matsa sama. Ta koma ƙasa. Ta kama ƙafar dama, ko ta yi kuskure. Ta dawo ta hagu, ta sa yatsa cikin safar ta zagaya wurin a hankali, sau ɗaya.

Ta ce, "Wa ta?"

Na ce, "Kaka, ni ce."

Ta ɗauke hannunta ta goge a zane. Ta ɗaga murya wajen madafa: "Ku kawo tabarma, mun yi baƙuwa. Ku ɗauko kwanon nan mai marfi."

Inna ta fito da ludayi a hannu. Ta dubi ƙafata. Ba ta yi faɗa ba. Ta koma ciki, na ji furar ta zube.

Laraba, 27 ga Disamba

Ba wanda ya zage ni tun da na zo.

Ban taɓa lura ba sai yanzu. Duk rayuwata Inna ba ta yaba ni a fili. "Mummunar nan," "marar amfanin nan," da ƙarfi, don abin da ke saurare ya ji. Tana faɗa tana tura mini ƙashin da ya fi nama. Yanzu sai "sannu." Sannu da tashi, sannu da zama. Na ɗauki tulu ta karɓe. Da rana na kishingiɗa, na buɗe ido na gan ta tsaye tana kallon ƙirjina, ko yana motsi.

Na ce wa Baba a kai ni maƙera a sake wani. Ya ce maƙerin ya ce ba a yi sau biyu. Wanda aka tsinta an tsince shi. Bai tambaye ni dalili ba. Ya ce, "Allah shi ka tsarewa," ya daɗe yana kallon ƙasa.

Kaka ta tambayi Baba sunan da ke takardata. Na ji tana maimaitawa ita kaɗai bayan rumbu, tana gyarawa.

Talata, 2 ga Janairu

Da zan tafi na durƙusa. Ba ta miƙo hannu ba. Ta ce, "Allah shi kiyaye hanya, Hindatu. A gai da mutanen gidanku."

Ta faɗe shi daidai.

Asabar, 6 ga Janairu

Na biya ta maƙera. Ba don kome ba, hanya ce. Ɗanasabe ya ce ai ya daɗe, ya buge shi ya yi basilla, wani mai ɗinkin buhun albasa ya saya. Ya tambaye ni ko an yi wa tsohuwar sadakar arba'in.

Na ce an yi.

Litinin, 8 ga Janairu

An maido aikin. Sha biyar bisa ashirin, ni ce ta biyu. Mushe ya rubuta da jan bik cewa Faransancin ya yi kyau, amma ya so in yi maganar munduwar.

Alhamis, 11 ga Janairu

Lafiyata lau. Ko ciwon kai ban yi ba. In rubuta wannan don in tuna: ba abin da ya same ni.

Sun fara gajiya da ni. An kawo wani sabon yaro daga Keita mai in'ina, yanzu shi ake yi. Yau har tsakar rana ba wanda ya ce mini Juji. Hajiya ta ce Hindatu, Mushe ya ce Hindatu, Amira ma ta ce Hindatu, ara mini kaye, littafin rubutunki.

Da aka tashi na tsaya gyara jaka. Na daɗe ina gyarawa, ba wani abu ne ciki ba. Shamsiyya ta zo wucewa da ƙawayenta, ba ta ko dube ni ba. Na saki bik ya faɗi gabanta.

Ta taka shi, ta ce, "Ke Juji, ba ki gani ne?"

Na ce na'am.

Da sauri na faɗa. Har ta juyo tana kallona.