Ɓerayen Sadiƙa da Zoɓon Fadimatu

Litinin, 5 ga Mayu
'Yata Sadiƙa ta zo daga jami'a da memwar ɗinta, wato kundin bincikenta na kammala karatu, wai in gyara mata Faransanci. Shekara talatin ina koyar da nahawu a Garwa, ƙarshenta na zama magatakardan ɓeraye. Gwajin nata, akwati ne mai ɗaki biyu. A baƙin ɗaki a yi wa ɓera allurar morfin, dangin tramol, a farin kuma ruwan gishiri. Bayan kwanaki a buɗe ƙofa, babu allura, sai gogan ya tare a baƙin. Wai sinadarin dopamin ne ke ce wa ƙwaƙwalwa, "Nan ne, ka dawo." Na ce ashe sai an je jami'a ake gane ɓera wawa ne.

Alhamis, 8 ga Mayu
Shafi arba'in, ba waƙafi ɗaya a mazauninsa. Bayana kamar an daka. Na biya ta teburin Roger a kasuwa, tramol biyu. Tun Disamba likita ya ce in sha na sati biyu kawai. Ai ba bayansa ba ne.

Asabar, 10 ga Mayu
Babi na uku ya ƙule ni. Ɓeran da aka ba ruwan zaƙi kafin allura, daga baya ƙin ruwan yake. Yana son ɗakin, yana ƙyamar ruwan, magani ɗaya! Na rubuta a gefe: "Saɓani. Zaɓi ɗaya." Sadiƙa ta ce, "Baba, ba ni na zaɓa ba. Hanyar so daban, ta ƙi daban, duk a kai ɗaya."

Laraba, 14 ga Mayu
Matata Fadimatu ta kawo zoɓo, na ture. Ta ce, "Malam, wata biyar ke nan. Ko hannuna ne ya lalace?" Sadiƙa ta ɗago kai: "Baba, da me kake haɗiye maganin baya?" Na ce ta je ta nemo waƙafinta.
Da zoɓon ne.

Alhamis, 15 ga Mayu
Na fita sayen jan biro, sai ga ni gaban Roger. Roger ba ya sayar da biro.

Juma'a, 30 ga Mayu
Sadiƙa ta kai ni asibiti wancan satin, wai hanyarta ce. Likita ya ce a rage a hankali, ban da yankewa farat ɗaya. Gumi, hamma, faɗa da kowa har akuya. Na daina bi ta kasuwa. Ramuka sun yi yawa a hanyar, ba wani abu ba.
Na soke "Saɓani", don rubutun bai fita da kyau ba.
Zoɓo rabin kofi. Sukari ya ɗan zarce, amma na shanye. Fadimatu na bakin ƙofa, tana share wurin da ta riga ta share.