Faratan Auta

Anti, ki taimake ni da shawara, gidana ya yi tsit har na rasa abin da ke mini daɗi.

'Ya'ya biyar na raina ni kaɗai bayan rasuwar mahaifinsu, ba wanda ya taɓa jawo mini abin faɗa. Sai Auta, da ya shiga shekara ashirin, ya ɗauko gita. Kullum da yamma yana falo da wasu takardu masu layuka da ɗige-ɗige kamar kashin ƙuda, yana dubawa yana kaɗawa, in ya kuskure ya koma farko. Na haƙura, tunda ba yawon banza yake ba.

Abin da na kasa haɗiyewa shi ne faratan hannunsa na dama. Ya bar su sun yi zaƙo-zaƙo, na hagu kuwa a yanke. Da hannun nan yake cin abinci, da shi yake gaisawa da manya. Ya ce da su yake taɓa tsirkiya, na ce ba a tara ƙazanta a gidana. Na miƙa masa reza, na tsaya a kansa har ya gama. Bai yi musu ba, don ban haifi mai musu ba.

Ashe a makon yake da jarrabawar shiga makarantar kiɗa, inda ake ba mutum takardar da bai taɓa gani ba ya kaɗa nan take. Yayarsa ce ta gaya mini daga baya. Yatsun suka yi ta zamewa, bai ci ba.

Yanzu gitar tana bayan ƙofa, ta yi ƙura. Yana gaishe ni, yana zuwa mini aike, kuma duk mako yana yanke faratan ba sai na ce ba. Wannan ne ke cin raina. Laifi ne uwa ta so tsabta?

Uwar Auta

Uwar Auta, son tsabta ba laifi ba ne, kuma shi ma ya yi kuskure da ya ɓoye miki zancen jarrabawar. Amma ki tambayi kanki abin da ya sa ya gwammace ya faɗi da ya gaya miki.

Faratan nan kayan aikinsa ne, kamar allurar tela. Masu wannan kiɗa gogewa suke yi su tsabtace, ba tara dauɗa ba. Kada ki kira shi ki yi masa wa'azi, ya ji da yawa. Ki sa yayarsa ta binciko lokacin jarrabawa ta gaba. Ki goge gitar da hannunki, ki sayo abin goge farce ki ɗora a kanta, ki bar sauran gare shi.

Farce yana tohowa a 'yan makonni. Sakin jiki da uwa ya fi ɗaukar lokaci, sai ki yi haƙuri. Allah ya dawo miki da kiɗan falonki.