Jirgin da Bai Sauka a Rufinmu Ba

Daga ofishin Babban Likita, shugaban likitoci da nas-nas da duk wani mai sa farar riga a babban asibiti, zuwa ga dattijo Malam, mai makarantar allo ta tsallaken rafi.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka da sauƙi, ya sassauta maka kumburin ƙafafu, ya buɗe maka ƙirji, ya mayar da kai kan sallarka a tsaye. Mutanenka na birni duk suna lafiya. Ɗanka direba yana nan yana fama da tsohuwar motarsa, surukarka ta warke daga ciwon haƙori, jaririyarsu kuwa ta fara rarrafe, babu abin da take bari a ƙasa sai ta kai shi baki. Kada ka yi mamakin yadda na san duk wannan. Babban likita, babu abin da ke ɓuya masa.

Ban saba rubutu da hannuna ba, akwai masu yi mini, amma maganarka ta fi ƙarfin aike. Labari ya iso mini cewa malamin asibitin garinku ya faɗa maka zuciyarka ta gaji, ruwa yana taruwa a jikinka, sai an kawo ka nan an duba da na'ura. Kai kuma ka ce ramukan hanya za su wargaza maka ƙashi, ka ji a rediyo an gina wa jirgi mai saukar ungulu wurin sauka a kan rufin asibitinmu, don haka shi za ka jira. An ce har ka sa uwargidanka Iya ta wanke maka rigarka ta fita kunya, kullum da hantsi a shimfiɗa maka tabarma a ƙofar gida kana kallon sama. To Malam, ka ba wuyanka hutu. Ni da nake ƙarƙashin rufin nan ma ban taɓa ganin jirgin ba.

Rediyo bai yi ƙarya ba, an gina wurin. Fili ne sumul, da katon da'ira ta farin fenti a tsakiya, ga fitilu kewaye, in ka hau sai ka ga gari kaf a ƙarƙashinka. Amma buɗewa, wannan sai Allah. Da farko aka ce 'yan kwana-kwana sun ƙi sa hannu, wai famfon kashe gobara ba ya iya tura ruwa sama. Aka kawo sabo. Sai masu gidajen bayan asibiti suka yi ca, wai iskar jirgi za ta yaye musu kwano. Aka yi ta zama da su har aka lallashe su. Kafin nan rana ta cinye fentin, aka sake. Duk lokacin da aka sa ranar buɗewa sai a hau da kujeru da rumfa, a share, a goge, da yamma a sauko da su babu wanda ya zauna. Masu hawa da kujerun nan bayansu ya gaya musu. Yanzu masu wankin asibiti sun gano babu inda zanin gado ke saurin bushewa kamar can, sun ɗaura igiya daga wannan fitila zuwa waccan. Tattabaru kuma sun mai da tsakiyar da'irar majalisa, su kaɗai ke sauka a kan ƙa'ida.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne na kwanan nan. Masu duba aiki suka zo, suka ce a gwada musu yadda za a sauko da majinyaci daga rufi zuwa ɗakin tiyata. Aka nemi wanda zai kwanta a matsayin mara lafiya. Akwai wani yaro cikin masu tura gadon marasa lafiya, dogo, kyakkyawa, mai hankali, wanda asibitin nan kaf ba shi da na biyu, ina jin ma jikanka ne. Shi ya miƙa kansa. Ya kwanta, ya juya idanu, yana nishi yana salati, har wata nas ta ce masa ya rage, ba a ce ya mutu ba. Aka turo shi a guje zuwa lif, wato akwatin ƙarfen nan mai hawa da sauka da mutane cikin bene. Aka cusa gado, kansa ya daki bango, ƙafafunsa suna waje. Ƙofa ta zo rufewa, ta taɓa gado ta koma. Ta sake zuwa, ta sake komawa. Aka ce ya naɗe ƙafa, ya naɗe, amma ƙarfen gadon kansa ya zarce da wajen taƙi ɗaya. Ƙofar nan dai ta yi ta kai da kawo.

Ashe ɗan kwangilar da ya sa lif da tsohon gadonmu ya yi awo, gajere. Wanda ya sayo sababbin gadaje kuma da cikin jirgi ya yi nasa, domin su ne ke maƙalewa daidai a cikin jirgin, ga wurin tukunyar iskar numfashi a wajen kai. Mutum biyun nan ba su taɓa zama wuri ɗaya ba. Tsohon gado yana shiga lif, ba ya zama a jirgi. Sabo yana zama a jirgi, ba ya shiga lif. Yanzu wasu sun ce a fasa bango, wasu sun ce a sake gadaje, kowa yana nuna ɗan'uwansa da yatsa, an kafa kwamiti. Kai ma ka san abin da aka kafa wa kwamiti ba bana ba.

Ranar an yi dariya, amma ba ta daɗe ba. Bayan 'yan kwanaki jirgi ya ɗauko wani magini da katako ya karye da shi. Da yake babu izinin sauka a kanmu, sai ya sauka a filin ƙwallo can bayan gari, motar asibiti ta ɗauko shi ta shigo cunkoson kasuwa tana jiniya babu mai ba ta hanya. Da suka iso, yaron nan ne ya tura gadonsa daga bakin ƙofa, matar maginin tana biye da takalmin mijinta ɗaya a hannu. Kafin a kai ɗakin tiyata rai ya yi halinsa. Daga inda aka tsayar da gadon ana jin masu wanki a sama suna kaɗe zannuwa. Yaron bai iya cin abinci ba ranar, kuma wanda ya san shi ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Saboda haka ga umarnina. Damina ta kankama, in rafinku ya cika ya shanye gada, babu mota babu jirgi, sai mu da kai a yi ta kallon sama ɗaya. Ɗanka direba zai iso ranar Asabar da safe. Ya cire kujerar baya ya shimfiɗa katifa, ya yi rantsuwa zai bi ramuka a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Ka sa rigar nan da aka wanke, ka shiga. Kada ka ce sai an yi azahar, kada ka ce sai ɗalibai sun biya karatu.

A gaishe da Gwaggo mai ɗinki, da Kawu mai gyaran keke, da Baffa da yaransa. A gaishe mini da amaryata Iya, a ce mata ta kwantar da hankalinta, in tsohon nan ya ci gaba da taurin kai ga saurayi nan tana da shi.

To, na san na tona kaina, babban likita ba ya kiran Iya amarya. Ai tun daga sallama ka gane hannun, kai ka riƙe shi a kan allo, kai ka sha ranƙwashin mai shi. Babban Likita ko sunana bai sani ba, Kaka. Na ari rigarsa ne don na ga maganarmu ba ta shiga kunnenka, sai ta manya. Amma ban da kyan nan da na ƙara wa kaina, babu ƙarya ko ɗaya a takardar nan. Na tura gadon magini. Naka ina so in tura shi kana zagina, kana cewa in bi a hankali, ɗan banza. Ka zo ta ƙasa, ina bakin ƙofa.

Jikanka, Zalɓe mai dogayen ƙafafu.