Sun Ba Ni 'Ya, Likita Ta Ce Kada In Jira Yaye

Gwaggo Fiddausi, don Allah ki taimake ni da shawara. Damuwata ba irin wadda ake kai ƙara ba ce, don babu wanda ya zalunce ni. Alheri aka yi mini, ya yi yawa har na rasa bakin magana.

A unguwar Ambassatna aka haife ni, aure ya kawo ni unguwar Mardjandafak, wani tsohon gidan 'yan kasuwa kusa da babbar kasuwa. Shekarata talatin da huɗu, na kusa tara a ɗakin miji, ko ɓatan wata ban taɓa yi ba. Tun ina budurwa nake fama da ciwon mara, irin wanda ke sa mutum birgima a tabarma yana amai. A gidanmu aka ce in na yi aure zai daina. Da na yi aure aka ce sai na haihu. Ni kuma na yi ta haɗiye ƙwayoyi ina jiran haihuwar.

Surukata, muna ce mata Hajjo, ban san da wane baki zan gode mata ba. Duk wata in abin ya taso, ita ke karɓar girkina, ta tura yara waje, ta ce wa baƙi zazzaɓi nake yi. In na yi wanka ta haɗa mini dukhan da hannunta, wato turaren tsuguno irin na nan, ta zauna gefena tana ba ni labarin zamanin da kasuwar ba ta kai haka ba. A gidan suna kuwa, in wata ta kalli cikina ta fara tambaya, amsa ɗaya Hajjo ke ba ta, ba ta sake yi.

Da daminar da ta wuce ciwon ya kayar da ni a tsakar gida, maigidana ya ɗauke ni a taksi zuwa wani kilinik. Likitar mace ce. Ta yi mini ekografi, wato hoton ciki, aka ɗebi jini, sannan ta faɗi sunan ciwon da Faransanci, andometiriyoz. Ta ce akwai ƙullutu na tsohon jini a ma'ajiyar ƙwaina ta hagu, kuma ƙwayayen haihuwata sun ragu fiye da na sa'o'ina, waɗanda suka saura ma ciwon na iya rage musu ƙarfi. Ta ce mu yanke shawara cikin watanni, ba shekaru ba, wataƙila har da dashen ciki, wato a haɗa ƙwaina da na maigidana a waje a dasa mini a mahaifa, ko da zai kai mu fita ƙasar waje. Na yi kuka a gabanta, amma wallahi rabinsa na daɗi ne. Ashe ba raki nake yi ba duk shekarun nan, abin yana da suna.

Ba mu gaya wa Hajjo ba. Maigidana ya ce tana da hawan jini, mu bari tukuna.

Muna cikin wannan bari tukunan sai ƙanwarsa Bahijja ta haihu a unguwar Goudji, mace, ta huɗu ke nan gare ta. Ranar suna, ɗaki cike da mata, Hajjo ta ɗauki jaririyar ta ɗora mini a cinya, ta ce tawa ce, da an yaye ta za a kawo mini ita. Bahijja tana murmushi, ashe sun daɗe da shirya abinsu. Sunan da aka raɗa mata Zahra, sunan mahaifiyata mai rasuwa. Gwaggo, hawaye kawai nake yi a kan zanen yarinyar.

To ga inda matsalar take. Hajjo ta yi imani goyo yana kiran ciki. Ita ma ta jima ba ta haihu ba, sai da ta goya ɗan yayarta sannan ta sami cikin maigidana. Ta lura muna zirga-zirgar kilinik, sai ta kira ni ɗakinta ta ce in huta da asibiti, in daina bari ana tattaɓa ni, in jira yaye, in goya Zahra shekara guda, zan ga ikon Allah. In aka haɗa, kusan shekara uku ke nan. In muka kama hanyar neman magani yanzu, kamar na ce kyautarsu ba ta ishe ni ba, kuma Bahijja za ta ji a bakin mutane. Maigidana ya ce duk abin da na zaɓa, amma kansa a sunkuye yake faɗa. Ina son Zahra har cikin raina. Ina kuma tsoron in yi ta godiya har ƙwayayena su ƙare. Yaya zan yi?

Taku, 'Yar Mardjandafak

AMSA

'Yata, na karanta wasiƙarki na yi wa Hajjo da Bahijja addu'a kafin in yi miki. Irin surukar nan ba kowa ke samu ba, ki riƙe ta da kyau.

Bari in fara da ciwon, don ki san abin da za ki faɗa. Wani nama ne mai kama da shimfiɗar cikin mahaifa yake tsirowa a wajenta. Duk wata yana kumbura ya yi jini, jinin kuma ba shi da hanyar fita. In ya zauna a ma'ajiyar ƙwai yakan ci wurin, yawan ƙwai ya ragu, kumburin kuma yana iya taɓa lafiyar ƙwan ko ya toshe masa hanya. Gwajin jinin da aka yi miki yawa yake nunawa, ba ya yanke hukunci a kan ingancin kowane ƙwai, kuma mata da dama masu ciwon nan sun haihu. Amma gaskiyar likitarki ita ce shekara uku a wurinki ba ƙaramin abu ba ne. Dukhan yana sanyaya rai, ba ya narkar da ƙullutu. Goyo ma haka.

Hajjo ba ta yi laifi ba. Abin da ya faru da ita ta gani, shi ta ba ki, kuma ta ba ki ne ba tare da ta san abin da ke cikin ekografin ba. Ku kuka ɓoye mata. Matar da ta yi shekaru tana ganinki kina birgima, jin sunan ciwon ba zai kayar da ita ba. Abin da zai fi ƙona mata rai shi ne ta ji daga baya cewa shawararta ce ta cinye miki lokaci.

Don haka ɗanta ya ɗaga kansa ya gaya mata, kina zaune. Aikinsa ne, kada ya bar miki. Sannan ku roƙe ta ta raka ki wurin likitar, a yi mata bayani da Larabcin da take ji, ta yi tambayoyinta. Maigidanki ma a gwada shi kafin a kama hanya zuwa ko'ina. In aka zo maganar tiyata, ki tambaya ƙwai nawa za ta iya ci, domin cire ƙullutun yakan rage ciwo amma yakan tafi da wani abu na ma'ajiyar. Jin ra'ayin likita na biyu ba raini ba ne. Dashen ciki kuma ƙoƙari ne, ba alkawari ba, ki shiga da sanin haka.

Bahijja kuwa, ki je Goudji da ƙafarki kafin magana ta riga ki. Ki gaya mata kina son Zahra ko kin haihu ko ba ki haihu ba, in dai har haka ne a zuciyarki. Wannan ya fi muhimmanci ga yarinyar ma, don bai kamata ta tashi a matsayin maganin da ake jira ya yi aiki ba. Yaye da saura, babu abin da neman maganinki zai rage mata.

Kada watan nan ya mutu ba ku yi maganar ba. Allah ya ba ki lafiya, ya raya Zahra, ya saka wa Hajjo da alheri, ya kuma ba ki rabon da zai zame miki sanyin ido.

Gwaggo Fiddausi