Abin da ke Ƙasan Randar Shinkafa

Litinin, 18 ga Satumba

Darmaji ya ci abinci a tebur yau ma, shinkafa da soyayyen tempe, wainar waken soya, ya wanke kwanonsa da kansa. Wata huɗu ke nan da Bu Retno, nas ɗin asibitin ƙauyenmu, ta tsaya a kaina har na buɗe kwaɗon da ke ƙafarsa, ta fara yi masa allurar wata-wata. Har yanzu in zai ratsa tsakar gida sai ya ja ya tsaya a gindin gwanda, inda sarƙar da aka ɗaure shi da ita take ƙarewa a da, sannan ya tuna ya wuce. Ƙanina ne, ya ba talatin baya, amma ko banɗaki ya shiga sai na kasa kunne.

Alhamis, 21 ga Satumba

An yi masa allura, a makare. Bu Retno ta ja ni gefe ta ce rabon asibitinsu ya ƙare, wannan ma arowa ta yi a wani asibitin. Na wata mai zuwa sai abin da Allah ya yi. Na dawo gida na ƙona rogon da nake soyawa.

Na san yadda Darmaji yake in ba magani. Na ga ranar da ya cinna wa rumfar shanya tabar maƙwabta wuta yana dariya, na ga Bapak, mahaifinmu, Allah ya ji ƙansa, yana ɗaure shi yana kuka. Ba na son sake gani.

Asabar, 23 ga Satumba

Mai gari ya zo, Pak Lurah da kansa, da rigar aiki. Ya sha shayi kofi biyu kafin ya faɗi abin da ya kawo shi.

Wai gwamnati ta fito da sabon shiri, kada a sake ganin mai taɓin hankali a ɗaure. Shugaban gunduma zai zo ya buɗe shirin ran goma ga wata mai zuwa, kuma ƙauyen da aka buɗe a cikinsa shi za a fara ba wa magani ba yankewa, da likita duk wata. Na ce alhamdulillahi. Sai ya yi tari ya ce akwai 'yar matsala. Shugaban da hannunsa zai yanke sarƙa a gaban masu hoto, mu kuma mun yi gaggawa, mun kwance namu tun kafin a fara.

“Na safiya ɗaya ne kawai, Mbak Warsini. A mayar masa da sarƙar, a yanke, a tafa, shi ke nan.” Haka ake kirana, Mbak, wato yaya.

Na ce masa ya ɗaura wa kansa, ai ƙafarsa ta fi kyan hoto. Bai yi fushi ba, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Ya tambaya ko sarƙar tana nan. Na ce na sayar wa 'yan gwangwan.

Lahadi, 24 ga Satumba

Ban sayar ba. Tana ƙasan randar shinkafa, a naɗe cikin tsohon zanin Bapak, ita da kwaɗon. Ba don komai ba. Mace ɗaya ce ni a gidan nan, in maganin ya yanke wa zai riƙe min shi?

Laraba, 27 ga Satumba

Na je wurin Bu Retno ina tsammanin za ta zage su tas. Sai ta hau jujjuya biro. Ta ce a matsayinta na nas ba za ta ce a yi ba, abin zai iya mayar da shi baya. Ta kuma ce akwai wasu mutum biyu a ƙauyen nan da ke jiran allurar, kuma in mun ƙi, ƙauyen ƙetaren kogi za a kai bikin. To me ta ce min ke nan? Ta bar min kayan a ka, ta koma awon masu ciki.

Juma'a, 29 ga Satumba

Cinikin soyayyen rogo ba laifi a bakin makaranta. Kaina na ciwo tun safe.

Litinin, 2 ga Oktoba

Pak Lurah ya dawo. Wai kada na damu da batun sarƙa, akwai ta shanu a gidansa, za a jiƙa ta da ruwan gishiri ta yi tsatsa. Wallahi saura kaɗan na watsa masa man suya. Ban san Darmaji yana bayan ƙofa yana feren rogo ba.

Da mutumin ya tafi Darmaji ya fito, wuƙar na hannunsa, sai da ya lura da inda idona yake ya ajiye ta a kan tebur. Na ji kunya.

“Mbak, zan yi. Amma ba da ta shanu ba, da tawa.”

Na ce ai na sayar.

“Tana cikin randa. Wata huɗu ina cin shinkafa mai warin ƙarfe.”

Ya ɗauki rogonsa ya ci gaba da fere.

Alhamis, 5 ga Oktoba

Na roƙe shi, na yi masa faɗa, na ce ba shi da hankali. Kalmar ta fita kafin na kama ta. Ya ce ai shi ya sa ake yi masa allura. Har dariya ya yi, ni ce na kasa.

Litinin, 9 ga Oktoba

Mutanen Pak Lurah sun kafa rumfa a ƙofar gida, sun share tsohon ɗakin Darmaji na bayan kicin, sannan wani ya ce ya yi tsabta da yawa, aka watsa ƙasa da ganye. Matan unguwa na naɗe abincin baƙi a ganyen ayaba. Na fito da sarƙar daga randa. Ta fi yadda nake tunawa nauyi.

Talata, 10 ga Oktoba

Ni na rufe kwaɗon. Ba wanda ya yarda ya taɓa shi, su masu shawarar duk suka koma duba waya. Sarƙar ta zauna daram a kan tsohon tabon idon sawunsa. Yana jin ƙarar rufewar gumi ya jiƙa masa riga. Na ce Darmaji, in buɗe? Ya girgiza kai.

Shugaban ya makara. Rana ta take muna jira, Darmaji na zaune a ƙasa yana motsa baki, ban san ko addu'a yake ko muryoyin da yake ji a da ne suka dawo ba. Bu Retno ta tsuguna kusa da shi ba ta tashi ba, wannan kam na yaba mata.

Da shugaban ya iso aka yi jawabi, aka yi jawabi, aka miƙa masa ƙaton almakashin yankan ƙarfe mai jan ƙyalle a jiki. Ya datse sarƙar kusa da ƙafa, aka tafa. Ni kuwa, Allah ya gani, abin da ya zo min a rai shi ne gaɓa ɗaya ce ta tafi, sauran tana da amfani.

Sai Darmaji ya jawo sauran ya ɗaga da hannu biyu.

“Pak, a ƙara.”

Mutane suka yi dariya. Shugaban ya ji daɗi, masu hoto suka matso, ya sake datsawa. Darmaji ya gyara riƙo ya ce a ƙara. Haka, haka, har hannun mutumin ya gaji ya miƙa wa ɗan sandansa, dariyar ta mutu, Pak Lurah yana ta yi min ido in hana shi. Sai da ba sauran abin da zai zagaye ko wuyan kaza, har kwaɗon ya sa aka raba biyu. Duk wannan abin Darmaji ba shugaban yake kallo ba. Ni yake kallo.

Laraba, 11 ga Oktoba

Bai fito daga ɗaki ba, bai ci komai ba. In sun mayar min da shi baya ba zan yafe musu ba. Kaina ma.

Juma'a, 13 ga Oktoba

Ya sha kunun shinkafa. Ya ce ƙafar na masa zugi. Hotonsa na yawo a wayoyin mutane, an rubuta yau aka cece shi. Maƙwabciyata ta ce na fito da kyau a ciki.

Talata, 17 ga Oktoba

Kwalin magani ya iso asibiti, Bu Retno ta aiko min da hotonsa. Likitan dai ba labari. Ko kwalin zai sake zuwa bayan an manta da bikin, oho.

Alhamis, 19 ga Oktoba

Ranar allura. Na ɗauko gyalena, ya ce in zauna, ya san hanya. Ya busa wa tayar keken Bapak iska. Na ce akwai manyan motoci a titi, akwai yara masu tsokana, akwai kaza akwai kaza. Ya ce to.

Na biyo shi har gindin gwanda na tsaya. Man suya ne a kan wuta, shi ya sa, ba wani abu ba.

An kira la'asar bai dawo ba. Sau ɗaya kawai na leƙa titi, ko sau biyu. Wataƙila layi ne a asibitin. Na sa hannu a randa har ƙasa, na auno shinkafar mutum biyu na ɗora.