Nura Ya Tsaya wa Mai Bindiga

Assalamu alaikum Yaya Habibu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da Anti Rabi da yara. Ya ƙafar Inna? Mu nan Greensboro a Amurka jiki lafiya, zuciya ce ba daɗi.

Zancen ɗanka Nura ne. Ranar da aka harbe mahaifinsa a shago, shi ya riƙe hannuna ya ce lauya zai zama, sai ya ga bayan bindigogin nan. Maganar nan ce ta riƙe ni duk shekarun nan.

Ranar Talata ya ce in zo kotu in ga aikinsa. Na ci ado na hau bas. Ashe wani mutum yake karewa, wanda aka kama da bindiga a mota. Da kunnena na ji Nura yana cewa tsarin mulki ya ba mutum haƙƙin riƙe makami, babbar kotun ƙasa ma ta tabbatar. Alƙali ya yarda, aka sallami mutumin.

A waje ya tare ni yana murmushi. Na ce, "Nura, ka manta da Babanka?" Ya ce, "Mama, that's the law, haka doka ta ce. Wannan bai kashe kowa ba." Na ce shi ma wancan, kafin ya shigo shagonmu haka za a ce.

Tun ranar ban ɗaga wayarsa ba. Ku taya ni addu'a Allah Ya sanyaya min zuciya, kada bakina ya furta abin da zai bi shi har abada.

A gaida Inna da mutan gida.

Ƙanwarka,
Binta