Makin Barcin Baba

Abuja, 3 ga Mayu

Zuwa ga mahaifina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, da Gwaggo Hajo da jama'ar Ƙofar Kuyambana.

Baba, tunda ka ce kai da latse-latsen waya sai dai kallo, ga takarda. Gwaggo ta ce tun rasuwar Umma ba ka barci. Agogon da na ɗaura maka ran nan yana auna motsin hannu, koren hasken da ke bayansa kuma yana ƙirga bugun zuciya. Da su yake lissafa tsawon barci da yawan farkawa, ya ba da maki cikin ɗari, ni kuma in gani a wayata. In wata ya cika makinka bai kai saba'in da biyar ba, ka dawo Abuja wurina. Na riga na gyara ɗaki.

'Yarka,
Fauziyya

Zariya, 19 ga Mayu

Fauziyya,

Wa alaikumus salam. Kowa lafiya, Allah ya yi miki albarka.

Shekara talatin ina gyaran jarrabawa, yau agogo ke ba ni maki. To, duba wayarki: tamanin da takwas, casa'in, jiya casa'in da ɗaya. Ko ke da kike malamar asibiti ban san kin taɓa kawo min irin wannan sakamako ba. Ɗakin da kika gyara ki zuba doya a ciki. A gidan nan aka yanke min cibiya, ba inda za ni. Hajo kuwa ƙanwata ce, tun tana goye take ƙara wa magana gishiri.

Mahaifinki,
Labaran

Abuja, 25 ga Mayu

Baba,

Bayan gaisuwa, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa. Na duba, kuma hankalina ya tashi. Agogon ya nuna kana barci daga bayan Asuba har ƙarfe takwas. Tun da na yi wayo ban taɓa ganin ka koma barci a lokacin nan ba, wuridi kake yi.

Agogon nan ba ya ganin ƙwaƙwalwa, kintace kawai yake yi. In hannu ya tsaya cik, zuciya ta lafa, sai ya rubuta barci. Mai barcin gaske kuwa yana juyi. Kai naka dare shafal yake, ba motsi ko ɗaya. Gwaggo ta ce ka mayar da agogon hannun hagu, carbi yana dama. Don Allah ka gaya min gaskiya.

'Yarka,
Fauziyya

Zariya, 30 ga Mayu

Fauziyya,

Ina gaishe ki. Kin kama ni, ba zan yi musu ba. Kwana uku kacal na gano halinsa. Sai in miƙe, in ɗora hagu a kan filo, in ja carbi da dama. Ɗalibi mai satar amsa ma bai fi ni iya zama shiru ba.

Amma ba barcin ne ya ƙi zuwa ba, ni nake korarsa. Kin san kunnena ya yi nauyi, ba na jin ladan. Shekara arba'in da ɗaya Ummanki ke tashina. Ta taɓa min hannu ta ce, "Malam, lokaci ya yi." Kwana tara da rasuwarta na farka rana ta fito, sahu ya watse ba ni. Na yi kuka kamar yaro. Tun ranar nake tsoron rufe ido, sai ɗan gyangyaɗi bayan Azahar. Kunya ta hana ni gaya wa kowa, har Hajo.

Duk da haka ba zan bar gidan nan ba.

Mahaifinki,
Labaran

Abuja, 2 ga Yuni

Baba,

Na karanta, na yi kuka ni ma. Ni na yi kuskure da na sa maka jarrabawa ban tambaye ka dalili ba. Na janye maganar Abuja. Agogon nan yana iya girgiza hannu a lokacin da aka saita masa, ba ruwansa da kunne. Ina tafe ranar Asabar in saita maka shi kafin Asuba. Ka ce wa Gwaggo ina son tuwon masara miyar kuka.

'Yarka,
Fauziyya

Zariya, 12 ga Yuni

Fauziyya,

Ina fata kin isa lafiya. Kin ga makin jiya? Hamsin da takwas. Na yi ta juyi har filo ya faɗo ƙasa, Hajo ta ce minsharina har zaure. Ban taɓa murna da faɗuwa jarrabawa irin wannan ba.

Ya girgiza ni a kan lokaci, na samu sahun farko. Bai iya cewa "Malam, lokaci ya yi" ba. Amma na mayar da shi hannun dama, wanda Ummanki take taɓawa.

Allah ya yi miki albarka.

Mahaifinki,
Labaran